Muƙamuƙin Malamar Mota

"Ki ce wani abu mana. Ko zagi ne ki zage ni, in dai zan ji muryarki."

Malama, mai koyar da tuƙin mota, ta kawar da kai. Tana zaune a kan bencin shagonsa, tafin hannunta dafe da kumatun dama, idonta a kan gilasan mota da aka jingine jere-jere a jikin bango. Mai Gilashi ya ajiye kwalbar gam ɗin da ke hannunsa, ya goge yatsu a jikin wando, ya durƙusa a gabanta ba tare da ya damu da masu wucewa ba.

Shekara biyu ke nan tun da wata ɗalibarta ta gwara motar koyo da ƙofar gareji, aka kawo masa gilashi ya canza. Gilashin ya zauna daram. Shi kuwa bawan Allah bai sake zama daram ba har yau.

"Me Umma ta ce jiya?" Maganar ta fito mata a matse, ta tsakanin haƙora.

Ya sunkuyar da kai.

"Ka faɗa yadda ta faɗa. Kada ka sa mini sukari."

"Ta ce ba za ta haɗa rufi da mai niƙa haƙora cikin barci ba. Wai abin da mutum ya kasa ciza da rana, shi yake cizawa in ya kwanta."

Malama ta yi murmushi, murmushin ya ja mata jijiya har cikin kunne, ta runtse ido.

Abin haushi shi ne, alheri ne ya jawo mata. Wata uku da suka wuce aka kwantar da Umma, mahaifiyarsa, a asibiti, 'yan'uwansa mata duk suna aure a nesa. Malama ta ɗauki hutu ta tare a gefen gadon, tana wanki, tana juya ta, tana ba ta magani a kan kari. A cikin jakarta akwai wata 'yar roba fara tas da likitan haƙori ya auna bakinta ya yi mata, wadda take sawa in za ta yi barci don kada haƙoran sama su ci na ƙasa. Shekara guda ba ta taɓa kwana babu ita ba. Amma a gaban surukar gobe? Ta cusa roba a baki, harshe ya yi nauyi, yawu ya taru? Kunya ta hana ta. Ta bar roba a jaka, gyangyaɗi ya sace ta a kan kujera, Umma ta farka ta ji ƙara kamar ana jan turmi a kan siminti. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Umma kuwa tana da nata tabon. Shekara goma sha ɗaya ta zauna da uwar mijinta, mace mai dariya da rana da niƙa haƙora da dare, wadda ta gasa mata aya a hannu har ta koma ga Mahaliccinta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

"Na gaya mata ciwo ne," in ji Mai Gilashi. "Na ce likita ya ce gajiya ce da damuwa suke taruwa a muƙamuƙi. Ta ce ai ita ma abin da take faɗa ke nan, damuwar me? Me kike ɓoyewa?"

"Yau Alhamis."

"Na sani."

"Jibi da la'asar Mai Makaranta zai je wurin Kawu."

Ya miƙe zumbur, ya yi taku biyu, ya dawo. Mai Makaranta shi ne mai makarantar koyon tuƙin da take aiki, mutum mai motoci tara da natsuwa, wanda matarsa ta rasu shekara huɗu baya. Bai taɓa yi mata maganar banza ba. Ta hannun Kawu ya nemi aurenta, ƙanin mahaifinta marigayi, wanda ya riƙe ta tun tana aji uku. Kawu bai tilasta ta ba, amma ya gaji da jira. Ita da bakinta ta yi masa alkawari: in Asabar ta yi uwar Mai Gilashi ba ta sauko ba, za ta saurari Mai Makaranta.

"Mu yi aurenmu kawai," ya ce. "Zan kama haya a wata unguwa. In ta ga jika za ta huce."

"Ka ji abin da ka ce kuwa?"

"Na ji! Ni ma mutum ne, zuciya gare ni ba gilashi ba."

"Matar da ta sayar da ɗankunnenta ta saya maka injin yanka na farko, ita zan ɗauke wa ɗa in kai wata unguwa? Ashe gaskiyarta ke nan. Ashe da gaske akwai abin da nake ɓoyewa." Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Wallahi ina sonka. Ina sonka son da ni kaina yake ba ni tsoro. Amma ba zan shiga gidan da ake jin tsorona ba, ba kuma zan fitar da kai daga gidan da ake sonka ba."

Ya zauna a ƙasa dirshan, ya rufe fuska da hannuwa biyu. Gardin namiji da ke ɗaga gilashin babbar mota shi kaɗai, sai ga kafaɗunsa suna girgiza.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki makullin motar koyo.

"Ina da ɗaliba ƙarfe huɗu," ta ce, ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

* * *

Ranar Asabar ta tashi da muƙamuƙi kamar an ɗaure shi da waya. Ta ciro robar daga baki, ta wanke, ta duba: sabon shatin haƙora ya fito a jikinta raɗau. Ta jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ta gasa gefen kunnuwanta, ta murza wurin da yatsu biyu a hankali kamar yadda likita ya koya mata. Ta tsallake duk wani abu mai tauri, ta sha shayi da burodi jiƙaƙƙe. Cingam kuwa ta yi bankwana da shi tun bara. Ta cika filas da ruwan zafi, ta jefa tawul a jaka.

A jikin sitiyarin motar koyo, ta ɓangaren da ɗalibi ba ya lura, akwai wata 'yar takarda da ta manna da rubutun hannunta: leɓe a rufe, haƙora a rabe. Kowace danja ta tsaya sai ta karanta, ta saki haɓa, ta ɗora harshe a bayan haƙoran sama. Da danja ta ba da hannu kuma sai ta manta.

Ɗalibarta ta ƙarfe biyu ita ce Mai Atamfa, wata bazawara 'yar shekara hamsin da mijinta ya mutu ya bar mata mota a rumfa. Malamai uku maza sun gwada ta sun sallama. Ɗaya ya ce ƙafarta ba ta san bambancin birki da totur ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. A hannun Malama ta yi sati shida, yau ne karo na farko da za su hau babban titi.

Suna gyara madubi aka buɗe ƙofar baya. Mutum ya shigo ya zauna, ya ja ƙofa ya rufe garam.

Malama ta ɗaga ido ta kalli madubi.

Umma ce. Ta ɗaura ɗankwali har gira, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Umma, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Ta yi ƙoƙarin fita don ta durƙusa.

"Zauna. Ba gaisuwa ta kawo ni ba, magana ce."

"To Umma, ki ɗan jira ni a ofis, awa ɗaya ce kawai. Wannan baiwar Allah lokacinta ne."

"Ba ni da awa ɗaya. Ɗana kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba. Ku yi tafiyarku, ina magana kina ji."

Mai Atamfa ta kalli Malama, ta kalli madubi.

"Malama, ko mu bari sai Litinin?"

"A'a, Anti. Yau muka sa, yau za mu hau. Taka kuloci. Giya ta ɗaya. Saki a hankali, kamar jiya."

Motar ta yi tsalle sau biyu ta mutu. Umma ta dafe kujerar gaba.

"Ba komai," in ji Malama, muryarta lallausa. "Ni sau bakwai ta mutu mini a ranar farko. Sake tayarwa."

Suka fita. Layin makarantar, kwanar masu faci, sannan babban titi ya buɗe a gabansu da motocinsa da babura da masu tsallaka hanya ba duba. Umma ta gyara murya.

"Yarinya, ba zan ci amanarki ba, kin yi mini jinya, Allah ya saka. Amma jinya daban, zama daban. Na zauna da irinku. Fuska fes, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani."

"Na ji, Umma. Anti, sa sigina ta hagu. Duba madubi. Yawwa."

"Mutumin da ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, ba a taɓa ganin fushinsa ba, ina yake kai shi? Ai ba ya ɓacewa. Tara shi ake yi."

"Haka ne, Umma. Rage gudu kaɗan, Anti, akwai rami."

"Kin gani ko? Ina gaya miki magana mai zafi kina ce mini haka ne. Abin da nake tsoro ke nan! Ki rabu da ɗana. Ki ce masa ba kya sonsa, ya ji daga bakinki, ya haƙura ya ci abinci."

Wannan ta shige ta. Malama ta ji haƙoranta sun haɗu gam, wata jijiya ta harba daga haɓa zuwa tsakar ka. Idonta ya cika, titi ya yi dishi-dishi, ta ƙifta da sauri don ba ta da ikon yin kuka a kujerar da take zaune. Ran mutum uku ne a ƙarƙashin ƙafarta ta dama, inda birkin malami yake.

Suka doshi shataletale. Mai Atamfa ta ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunta suka fito. Daga dama wata tirela ta danno kai da lodin buhuna, direban ya danna oda mai tsaga kunne. Mai Atamfa ta ƙwalla salati, ta rufe ido, ta taka totur iya ƙarfinta.

Motar ta zabura.

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawa uku ba. Ƙafar Malama ta sauka a kan birki, hannunta ya cafke sitiyari ya karkatar da shi, motar ta goge gefen dakali ta tsaya cak. Tirelar ta wuce ta gaban hancinsu, iskarta ta girgiza su, buhunan suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya a jikin gilashi.

Umma tana ta salati, ɗankwalinta ya zame. Mai Atamfa ta kifa kai a kan sitiyari ta fashe da kuka.

"Na kashe mu! Sun faɗa, sun ce ba zan iya ba. Ki sauke ni, Malama, in sayar da motar in huta!"

Duk wanda ya taɓa koyon mota ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Tsawa ce, da zagi, da tambayar ko makauniya ce. Umma ma shi take jira, ta zuba wa ƙeyar Malama ido.

Malama ta ɗora hannu a bayan Mai Atamfa.

"Anti, ɗago. Kin sa sigina daidai, kin duba madubi daidai. Odar ce ta firgita ki, kuma ni ma ta firgita ni. Don irin wannan aka sa mini birki. Share hawayenki, ki fitar da mu daga nan ki tsaya a gindin bishiyar can."

"Ni? Yanzu?"

"Ke. In kika sauka a nan ba za ki sake hawa ba har abada. Kuloci."

Kuma ta fitar da su. Tana sheshsheƙa, amma motar ba ta mutu ba, ta gangara ta tsaya a inuwa tsaf.

A nan ne Malama ta buɗe baki za ta ce madalla, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ta sake gwadawa. Wani abu ya yi ƙas a gaban kunnenta, azaba ta tsarga mata har ido. Haƙoran sun rabu da kyar, ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba. Ta dafe kumatu da hannu biyu, hawayen da ta hana fita tun ɗazu suka ɓalle.

"Innalillahi, ya sake kamawa!" Mai Atamfa ta juyo wurin Umma. "Baba, miƙo jakarta, tana kusa da ƙafarki. Akwai filas da tawul."

Umma ta miƙo jakar ba ta san ta miƙo ba.

"Me ya same ta?"

"Muƙamuƙi ne. Ranar da na kusa shiga kwata ma haka ya yi mata, sai da muka yi rabin awa a tsaye." Mai Atamfa tana tsiyaya ruwa a kan tawul, rabi na zuba a kujera. "Baba, ban san tsakaninku ba, amma tun ɗazu nake jin maganarki, kuma ba zan iya shiru ba. Kina tambaya ina take kai fushinta. Ga shi nan, kina gani. Mu ne. Ni da irina, mu takwas a rana, kowa na neman ya kashe ta, ita kuwa ba ta taɓa ce wa ɗayanmu kanzil ba. Malaman can da suke zazzaga mana masifa, lafiya lau suke barci. Ita da take haɗiyewa don kada mu karaya, ita ce haƙoranta suke biya."

Umma ta matso gaba. Ta dubi tawul ɗin da ke ɗiga, ta dubi yadda matar ke neman manna shi da zafinsa.

"Kawo nan, za ki ƙona ta."

Ta karɓa, ta matse, ta gwada a bayan hannunta, ta fito ta buɗe ƙofar gaba. Ta tsuguna a bakin titi, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta ɗora tawul a gefen fuskar Malama.

"Nan ne?"

Malama ta girgiza kai, ta kama hannun ta matsar da shi gaban kunne.

"To saki. Saki haɓar, na riƙe."

Motoci na wucewa, wani mai babur ya rage gudu ya leƙa ya ƙara gaba. Tawul ya huce, Umma ta sake jiƙawa, ta sake matsewa. A ƙarƙashin yatsunta tana jin naman wurin a dunƙule, yana harbawa. Ta fara murzawa a hankali, irin murzar da uwa ke yi ba sai an koya mata ba.

A karo na huɗu bakin ya ɗan saki. Umma ta sunkuya ta leƙa, ta ga turamen haƙoran yarinyar sun cinye sun yi sumul, na mace 'yar ashirin da tara.

"Kwana ukun da kika yi a kaina," ta ce a hankali, "me ya hana ki sa abin da likitan ya ba ki? Ɗana ya ce akwai wata roba."

"Kunya, Umma." Da kyar kalmomin suka fito. "Ban so ki gan ni da ita ba."

"Kika zauna kina cin haƙoranki saboda kunyata."

Malama ta sunkuyar da kai.

"Ni kuma na ce ki ce ba kya sonsa."

"Ba zan iya ba, Umma. Zan iya barinsa, in kin ce. Amma ba zan iya yi masa ƙarya ba."

Umma ta juya fuska gefe, ta ja hanci, ta goge ido da bakin mayafi tana harara kamar ƙura ce ta shigar mata.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku da rabi ta wuce," in ji Mai Atamfa.

"Gidan kawun nata da nisa?"

Malama ta ɗago da sauri. Ta yunƙura za ta koma kujerar direba, Umma ta danne kafaɗarta.

"Ina za ki da wannan fuskar? Riƙe tawul ɗinki." Ta koma baya ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta rungume jaka, sannan ta taɓa kafaɗar Mai Atamfa. "Ke, kai mu."

"Ni, Baba? Bayan abin da kika gani?"

"Ita ta ce kin iya. Ja mu je."

Tafiyar minti goma ta ci ashirin da biyar. Sau ɗaya motar ta mutu a danja, aka yi ta yi musu oda, Umma ta sauke gilashi ta tambayi mai motar baya ko a cikin uwarsa ya koyo tuƙi. Malama tana nuna hanya da yatsa, ƙafarta na shawagi a kan birki, amma ba ta taka ba ko sau ɗaya.

Da suka karya kwanar layin su Kawu, sai Malama ta hango abin da take tsoro. Farar motar Mai Makaranta tana ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli. Takalma ƙafa uku na maza a bakin ɗakin baƙi.

"Sun riga mu," ta ce, hawaye na sake zubowa. "Umma, na yi wa Kawu alkawari. Bari in shiga in..."

"In kin shiga da wane bakin za ki yi magana?"

Umma ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta leƙo ta taga, ta gyara wa Malama tawul ɗin da ya zame, ta manna shi daidai gaban kunne.

"Zauna ki huta da muƙamuƙin nan, 'yata. Ni na ɓata, ni zan yi bayani."

Ta juya ta doshi ƙofar, ta cire takalmanta ta ajiye kusa da na mazan, ta ɗaga murya ta yi sallama.